Inuwar Inna a Tsakar Gida

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna gaisuwa mai yawa, da fatan jikin nata yana ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa. Asibitin sansanin nan ɗan ƙarami ne, amma masu haƙar ma'adinan nan ba sa gajiya da yanke hannu da murɗe ƙafa, sai ka ce da gangan suke yi don kada in zauna.

Kada ka ga laifina a kan waya. Sabis a nan sai an hau tudun bayan ɗakin janareta, kuma ko an hau, rabin maganar iska ke kwashewa. Shi ya sa na koma takarda kamar mutanen da. Direban motar da ke kawo mana magani ya yarda ya riƙa kai maka, ya riƙa karɓo mini amsa.

Ga abin da ya zaunar da ni. Tun da ciwon nan ya taɓa ɓarin jikin Inna ban sa ta a ido ba. Ina nan aka ce ta faɗi, ina nan aka ce an sallame ta, kwantiragi kuma ya ɗaure ni sai ƙarshen shekara. Ka ce bakinta ya karkace, ta hana a ɗauke ta hoto, ta ƙi karɓar waya don kada in ji nauyin harshenta. Ni da nake wanke raunin mutanen da ban san daga inda suka fito ba, ni uwata ke ɓoye wa fuska. Abin yana ci mini rai, Auta, ba na ɓoye maka.

Kai kuma na ji ka zama matuƙin jirgi, amma a ƙasa kake tsaye. Kana yawo da ɗan jirgi mara matuƙi kana ɗaukar hoton rufin gidajen mutane don dillalai su sami abin talla. To madalla. Mutumin da ke ɗauko hoton gidan da bai taɓa shiga ba daga sama, hoton uwar da suke kwana gida ɗaya ne zai gagare shi? Ba mai kyau nake nema ba. Ko daga nesa ne, in dai zan gan ta.

Ka leƙa mini akwatina da ke ƙarƙashin gadonta, kada ɓera ya yi mini ɓarna a zannuwa.

Yayarka.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na gode. Muna lafiya. Inna tana shan maganinta, da ƙorafi dai, amma tana sha. Yanzu tana fitowa tsakar gida da sandarta ba sai an riƙe ta ba. Hannun hagun ne har yanzu bai dawo ba. Akwatinki kuwa na durƙusa zan jawo, ta ce in cire hannuna, ba ruwana da shi. Don haka tsakaninki da ita.

Ki daina raina mini sana'a. Ba kowane mai riƙe rimot ne ya iya ba. Sai ka san iska, ka san lokacin da rana ke kwanciya a kan rufi ba ta ƙona hoto ba, ka san yadda za ka karkata jirgi bola ta ɓuya a bayan katanga, titi kuma ya fito kamar a ƙofar gidan yake. Kafin in tashi jirgi sai na bi maƙwabta gida gida na nemi izini, don mutane ba sa son a leƙa musu tsakar gida, kuma suna da gaskiya. Ga shaho, shi ba ya jin izini, sau biyu yana kawo wa jirgin bugu.

In na dawo ofis sai in zuba hotunan a kwamfutar wani abokin aikina da muke kira Mai Shara. Dattijo ne mai shiru, aikinsa goge duk abin da ke nuna da mutane a gida. Igiyar shanya, bokiti, takalma a bakin ƙofa, kaji, har mutanen kansu, duk sai ya share su, ya ƙara wa sama shuɗi. Oganmu ya ce mai saye ba ya son ganin rayuwar wani a gidan da yake mafarkin shiga, so yake ya ga fili ya zuba tasa. Duk gidan da za a sayar sai ya bi ta hannun Mai Shara. Wani lokaci in na ga hoton da ya gama, sai gidan ya ba ni tausayi.

Maganar hoton Inna, na gwada da waya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce in na sake za ta buge mini hannu da sandar. Jirgin ma ba ta ƙaunarsa, ƙudan ƙarfe take ce masa, ta ce ƙararsa na shiga mata haƙori. Sai na yi wata dabara. Ba zan faɗa miki ba, ga shi nan a babban ambulan, na sa an buga miki a takarda mai kyau. Ki zauna ki dubi gidanmu da kyau, ki ƙoshi da kallonsa. Iyakar abin da na iya ke nan. Inna ba ta san na yi ba, kada ki tona ni.

Gobe za mu tafi aikin wasu sababbin rukunin gidaje a nesa, zan ɗan jima. Matar maƙwabcinmu tela za ta riƙa kula da komai.

Ki jiƙa ƙafar nan a ruwan ɗumi, ke da kike ba wasu shawara.

Ƙaninki, matuƙin ƙasa.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau, ban san taku ba, don abin da ka aiko bai gaya mini ba.

Na buɗe ambulan da gaggawa, har abokiyar aikina tana yi mini dariya. Me na gani? Gidanmu ne, na gane rufin, na gane kwanon da Baba ya canza kafin ya rasu wanda launinsa ya bambanta da sauran, na gane bishiyar lemon. Amma babu kowa. Babu tabarma, babu igiyar shanya, babu randar bakin kicin, ko takalmi ɗaya babu. Tsakar gidan fes kamar ba a taɓa haihuwar kowa a ciki ba. A kusurwar ƙasa kuma ga tambarin kamfaninku.

Na koma na sake karanta wasiƙarka. Kai da bakinka ka ce gidan da za a sayar shi ake sharewa haka. Ka ce in dube shi in ƙoshi. Ka ce Inna ba ta sani ba, kada in tona ka. Ka ce za ka yi tafiya.

Auta, sayar da gidan za ka yi? Ka gaya mini gaskiya. In nauyin jinyar ne ya yi maka yawa, bakinka ciwo yake da ba za ka faɗa mini ba? Kuma in an kwashe kayan, ina aka kai Inna? Matar da ta ƙi kwana gidan ƙanwarta ko da dare ɗaya, saboda ta ce pilon can ba ya jin maganarta, ita za ka ɗauke daga ɗakinta tana cikin wannan hali?

Na goya ka, na yi maka wanka, na sha duka a kanka ranar da ka fasa madubin Inna na ce ni ce. Ban taɓa tsammanin zan roƙi hoton uwata ka aiko mini da tallar gidanmu ba. Na hau tudun janareta in kira ka, aka ce iskar shekaranjiya ta kayar da ƙarfen sabis. Ka ba direba amsa a wannan zuwan, ko layi biyu ne.

Yayarka.

*

Auta,

Sallama. Ina fatan kuna lafiya. Fata kawai nake yi, don motar magani ta zo ta koma ba ta kawo mini komai ba, daga nan ruwa ya cinye gadar hanya, ta daina zuwa gaba ɗaya. Wannan zan ba wani injiniya da zai fita ta doguwar hanya. Ban san ko wadda na aiko kafin wannan ta same ka ba.

Fushin ya sauka. Abin da ya maye gurbinsa ya fi shi nauyi.

Na so in yaga hoton, na kasa. Na liƙa shi a jikin ƙofar kabad ɗin magani, inda nake tsayawa in na gama duba marasa lafiya. Kullum sai na shiga gidan da ido. In shiga ta zaure, in bi ta gefen rijiya, in tsaya inda igiya take a da, in leƙa ƙofar ɗakina. Na haddace shi fiye da lokacin da nake cikinsa. Ban taɓa sanin rufin ɗakin Inna ya lotsa ta tsakiya ba sai yanzu.

Jiya da hantsi rana ta shigo ta taga ta faɗa kan hoton, sai na ga wani abu a gindin bangon kicin. Da na ɗauka datti ne. Na ɗauko gilashin da muke duba ƙananan raunuka da shi na ɗora. Inuwa ce, Auta. Inuwar mutum a zaune, ƙafa a miƙe, da wani siririn abu jingine a gefe kamar sanda. Kan inuwar ya ɗan karkata dama, da ƙullin ɗankwali a saman kunne. Duk duniya mutum ɗaya na sani mai ɗaura ɗankwali haka. Inuwar tana nan kwance a ƙasa, amma wadda ta yi ta babu ita.

Na san aikina, ba na cikin masu ganin abu su ce alama ce. Amma na zauna a kan benci na yi kuka har mai gadi ya leƙo ya koma. Ashe tana wurin. Tana zaune a inda take zama tana shan hantsi, wani ya sa hannu ya cire ta. Ban gane dalili ba, kuma duk dalilin da zuciyata ta kawo mini ba na son sa.

Na bar maganar gida. In ka sayar, ka sayar. Abu ɗaya nake tambaya: Inna tana raye? In tana raye, ka gaya mata ina gaishe ta, ka ce na ga inuwarta, ta rame.

'Yarki, Inna, kuma yayarka, Auta, duk wanda ya fara ji.

*

Yaya,

Inna tana raye. Tana nan lafiya, yanzu haka tana zaune a gindin bangon kicin tana yi mini faɗa a kan na bar buta a rana. Ba a sayar da gida ba, ba a yi niyya ba, ba wanda ya taɓa ko cokali. Na sa wannan a farko don ki sami numfashin karanta sauran. Ina gaishe ki, ya ƙafa?

Aikin can ya riƙe mu fiye da yadda aka ce, ruwa ya hana mu tashin jirgi. Da na dawo na tarar da wasiƙunki biyu tare a hannun matar tela. A tsaye na karanta su a zaure.

Ga abin da ya faru. Ran nan na hau rufin shagon tela na tashi jirgin can sama inda ba za ta ji ƙararsa ba, na ɗauke ta tana shan hantsi. Saman kanta kawai ya fito da ƙafafunta, amma ita ce. Da yake ina saurin tafiya, na zuba hoton a kwamfutar Mai Shara tare da na aiki, na ce ya buga mini wannan babba ya sa a ambulan ya ba direbanku. Ban ce masa gidanmu ne ba. Shi kuwa hannunsa ya saba, duk abin da ya shigo gabansa sai ya share. Ya share igiya, ya share randa, ya share Inna, ya buga tambari. Inuwar ce kawai ta kuɓuce masa, ya ce bai taɓa mantuwa irin wannan ba tun da ya fara aiki. Na asalin kuma babu shi, don a kansa ya yi sharar, mu kuma muna goge katin ajiyar hoton jirgi bayan kowane aiki. Laifina ne da ban buɗe ambulan na duba ba. Ki yafe mini.

Ban san yadda zan ɓoye wa Inna ba, don ta ga idona. Ta ce, "Me yayarka ta rubuto da ya sa ka zama haka?" Sai na zauna na karanta mata duka biyun, ban tsallake komai ba. Da na zo wurin pilo ta yi dariya. Da na zo wurin inuwa ta daɗe tana murza bakin zanenta da hannun mai lafiya.

Can ta ce, "Wato leƙena ka yi daga sama kamar shaho."

Na ce, "Na yi, Inna."

Ta ce, "Ita kuma tana can tana kuka a kan inuwa."

Na ce haka ne.

Ta ce, "Ni na ɗauka in ba ta gani ba hankalinta zai fi kwanciya a kan aikinta. Ɗauko ƙudan naka gobe da hantsi. Waya dai kada ka kawo mini ita kusa da hanci."

Da yamma Mai Shara ya zo har gida ba da haƙuri, ya durƙusa a bakin tabarma yana ta murza hula. Don ya wanke laifinsa ya ce in an ɗauki sabon, shi zai iya daidaita mata bakin a kwamfuta, ya koma yadda yake a da, ba wanda zai gane. Wallahi Yaya, ni har na ji daɗin shawarar. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, ka share ni sau ɗaya, ya isa. In ka gyara, ranar da ta shigo gidan nan sai ta sake tsorata. Bar mata uwarta yadda take."

Washegari ta ba ni wahala. Na caja batir, rana ta yi daidai, iska ta kwanta, ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da kaya a kafaɗa, ta hana matar tela taimaka mata. Da hannu ɗaya da haƙori ta riƙa shanya su a igiya ɗaya bayan ɗaya, kuma busassu ne, ba wanki ta yi ba. Na ce, "Inna, hasken zai wuce." Ta ce, "Ya wuce." Ban gane mata ba. Sai da ta cika igiyar sannan ta zauna a wurinta, ta gyara ɗankwali.

Na tashi jirgin daga tsakar gida, a gabanta. Ya kai saitin rufi ta ce, "Sauko da shi." Na sauko. Ta ce, "Ƙara." Na ƙara, har iskarsa tana kaɗa mata mayafi. Sai ta ɗaga kai ta dube shi. A aikina ba a son kowa ya kalli jirgi, in mutum ya ɗaga kai hoton ya lalace. Ina kallon fuskarta a ɗan gilashin rimot, na danna.

Wannan karon ni na buga da kaina, ni na sa a ambulan, na buɗe na sake dubawa kafin in liƙe. Ba wanda ya taɓa shi. Bokitin da ya fashe ma yana nan.

An ce an gyara gadar. Ki rubuto.

Autanku.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Na karanta layinka na farko a bakin motar, sauran sai da na sami wurin zama. Lafiyata ƙalau, kumburin ƙafa ya sauka. Na yafe maka, ka yafe mini abin da na zarge ka da shi. Ka gaida Mai Shara, ka ce na gode da mantuwarsa.

Na ga Inna. Da farko idon aiki ne ya riga ni, na tsaya duba gefen da ya sauka, da idon hagun da bai buɗe sosai ba. Ka riƙa ɗiga mata maganin da zan ba direba, kada idon ya bushe. Daga nan na sa tafin hannu na rufe ɓarin da ciwon ya taɓa, sai ga Innar da ta raka ni tasha. Na ɗauke hannun, sai ga wadda zan tarar. Na yi ta yi ina rufewa ina buɗewa, har na ga ba na son rufewar. Ka gaya mata ba ta tsorata ni ba. Harararta ma tana nan yadda na bar ta, kuma na san kai take harara.

Na liƙa shi kusa da na farkon. Wancan ma ba zan yar ba, ya zauna da ni lokacin da ba ni da komai sai shi.

Ka ce ba ka gane abin da ya sa ta tsayar da kai tana shanya busassun kaya ba. Kai namiji ne, rufi kawai ka iya kallo. Ka sake duba igiyar. Shuɗin nan mai ganye, da ruwan ƙasan da na ƙona gefensa da dutsen guga, da mayafin da ka ce yana sa ni kama da malamar makaranta. Babu nata ko ɗaya a ciki, duka nawa ne, na cikin akwatin da ta hana ka taɓawa. Kuma ba su da karin ninki irin na kayan da suka daɗe a rufe, ka ga ba ranar ta fara fito da su ba.

Ka ce mata ta bar su a waje su sha iska. Ka ce shuɗin zan ɗaura ranar da na iso.

Yayarka.